Rigar Dolu

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki bayan kasuwar Zobe a garin Wida ya san Zinhuwe tela, ko bai riƙe sunanta ba ya riƙe tsakinta. Doguwar mace ce mai faɗin kafaɗa, kullum da allura a gefen baki. Idan ka miƙa mata yadi sai ta murza shi tsakanin yatsu, ta dube ka kamar kai ka saƙa shi da gangan don ka ɓata mata rai. Amma a hannu kam ba ta da na biyu. Fararen zannuwan matan vodun, wato bautar gargajiya ta garin, da jajayen ɗamarun masu bautar tsawa, da kayan da ake fito da sababbin shiga bautar ranar kammala horonsu, duk daga kekenta suke fitowa. Abu ɗaya ne ba ta karɓa, wato 'yan ƙananan rigunan nan da ba su wuce tafin hannu ba. In ka kawo mata su, da haɓa za ta nuna maka shagon gaba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Zinhuwe 'yar tagwaye ce, kuma 'yar'uwarta Dolu ta tafi daji ɗebo itace tun suna rarrafe. Mu a nan ba ma cewa ɗan tagwaye ya mutu, wanda bakinsa ya suɓuce ya faɗa sai ya sha harara. Aka sassaƙa Dolu da farin itace, 'yar mitsitsiya, aka kawo ta gida da kiɗa, aka damƙa ta a hannun uwarsu, wadda kowa ke kira Hohono, uwar tagwaye. Tun daga ranar Dolu ta sami mazauni a ɗaurin zanen Hohono, daidai ƙirji, kanta a waje tana kallon duniya. Zinhuwe kuwa aka sauke ta ƙasa, tunda ita tana da ƙafa.

Da safe Dolu ake fara yi wa wanka da ruwan ɗumi, Zinhuwe ta sami abin da ya huce. In an dafa wake da manja, sai an zuba wa Dolu a ɗan kaskonta kafin kowa ya sa hannu. Wannan duk da sauƙi. Abin da ya fi ci wa Zinhuwe rai shi ne maganar sutura. Tagwaye turmi ɗaya ake yanka musu, abin da ɗaya ya sa shi ɗayan zai sa, domin tufafin ne ke shaida wa na daji cewa ba a raba shi da ɗan'uwansa ba. Kowace uwa takan yi wannan da ƙyallen da ya rage. Hohono kuwa ba ta san ragowa ba. Sai ta shimfiɗa sabuwar atamfa, ta nemi inda furen ya fi fitowa cikakke, ta huda tsakiyar ta cire wa Dolu, sannan a lallaɓa a fitar da rigar Zinhuwe daga abin da ya saura. Har ta girma ba ta taɓa sa rigar da ba ta da haɗi a wani wuri ba.

Wata rana tana 'yar yarinya, an gama musu ɗinkin biki, ta sa nata ta zo ta tsaya gaban uwar tana jujjuyawa.

“Inna, ki dube ni.”

“Na gan ki. Matsa min daga haske, ina gyara wa Dolu ɗankwali.”

“Ai ba ki ɗago ba.”

“Ke wai ba ki da aiki ne? Je ki wanke kaskon 'yar'uwarki.”

Ba ta wanke kaskon ba. Da uwar ta ajiye Dolu ta shiga madafa, sai Zinhuwe ta juya mata fuska ga bango. Ranar ta sha duka, kuma bayan dukan Hohono ta durƙusa tana ba da haƙuri, amma ba Zinhuwe aka bai wa ba. Gwaggonninta suka yi ta faɗa mata abin da kowane yaro a Wida ya sani: in ran na daji ya ɓaci, na gida yake kira. Don ita ake yi, in ji su. Ta ji da kunne, amma ta ga yadda yatsun uwar ke shafa kan itacen nan, kuma ita ba a taɓa shafa ta haka ba.

Kishin 'yar'uwa mai rai yana da magani, domin wata rana za ta yi ƙiba, ko ta ƙona miya, ko ta yi wa uwa rashin kunya a ji daɗi. Dolu kuwa ba ta taɓa fitsarin kwance ba, ba ta taɓa mayar da magana ba, haƙorinta bai taɓa faɗuwa ba. Da wa za ka yi gasa? Zinhuwe ta koyi ɗinki ne, in an bi ta gaskiya, don ta riƙa yanka wa kanta yadi ba wanda ya riga ta. Amma duk abin da ta saya, kafin ta kai shi shago Hohono ta aiko a karɓi na Dolu.

Ranar aurenta ma haka aka yi. Hohono ta shirya Dolu cikin kayan amarya, har da 'yar sarƙar murjani, mata suka yi caa a kanta suna guɗa, suna cewa amarya ƙarama ta fi babba kyau. Angon, Hunkpe masunci, mutum mai baki ba linzami, ya leƙa ya ce, “Wallahi ta fi ki haƙuri, tun da na shigo gidan nan ban ji tsakinta ba.” Kowa ya yi dariya. Zinhuwe ta yi kwana da kwanaki tana ba shi tuwo ba magana.

Haka shekaru suka yi ta tafiya, ta haifi nata 'ya'yan, ta haura arba'in, furfura ta fara leƙowa. Za ka ce mace mai wannan shekaru ta wuce jin haushin guntun itace. Ina! Duk bikin tagwaye na shekara, idan iyaye suka fito da nasu a jere cikin farare, Zinhuwe takan tsaya kusa da uwarta cikin riga mai haɗi, tana jira ko za a ɗago a dube ta. Abin da take so ke nan, bai fi haka ba: uwar ta dube ta sau ɗaya, ita kaɗai, cikin kaya masu kyau.

Sai hannun Hohono ya fara rawa. Da farko zare ne ya ƙi shiga allura, daga baya allurar ma ta ƙi zama a yatsu. Ana saura 'yan kwanaki biki, Dosu ƙanen Zinhuwe, wanda aka haifa bayan tagwayen, ya tsayar da babur ɗinsa na acaba a ƙofar shago, ya sauke wani ƙunshi.

“Yaya, albishirinki. An ba ki babban muƙami.”

“In tsiya ce ka kawo, juya da abarka.”

“Inna ta ce bana ke za ki ɗinka wa Dolu. Kin zama telar gimbiya.”

“Ka ce mata ba na ƙananan ɗinki.”

“Ke ki je ki faɗa mata, ni ina son kunnuwana. Ta ce kuma ki fara yanke na Dolu, daga inda ya fi kyau. Sau uku ta maimaita, kamar ni ne kurma.”

Da ya tafi ta kwance ƙunshin. Farin leshi ne, irin wanda ba ya shigowa kasuwar Zobe sai jefi-jefi, mai hudar taurari ƙanana, da nauyi a hannu. Hohono ta daɗe tana ɓoyonsa a ƙasan akwati, har yana ƙanshin kafur. Zinhuwe ta shimfiɗa shi bisa tebur, ta ga inda taurarin suka taru suka yi da'ira a tsakiya, ta san nan uwar ke nufi. Ta ɗauki almakashi, ta ajiye. Ta sake ɗauka. Kishi tsantsa ya taso mata, kuma ba ta yi ƙoƙarin danne shi ba.

Ta yanka wa kanta. Ta sa da'irar taurarin daidai ƙirji, ta buɗa hannayen rigar har suna share gwiwa, ta fitar da zane cikakke, da ɗankwali, da mayafin kafaɗa. Da gangan ta yi ta faɗaɗawa har abin da ya rage a tebur bai isa ɗaure yatsa ba. Sannan ta tona kwandon ƙyallaye ta zaro wani guntun farin leshi, ragowar ɗinkin wata mai gidan abinci, mai zanen ganye. Da shi ta yi wa Dolu riga. Ta yi ta da kyau kuwa, don hannunta bai iya mummunan ɗinki ba. Ta ce a ranta fari ai fari ne, kuma idon tsohuwa ba kamar da ba.

Safiyar biki tsakar gidan Hohono ya cika da maƙwabta. An dafa wake, manja na ƙyalli a kansa, ana jiyo ganguna daga dandalin bikin. Hohono na zaune a kujerar tsuguno, ta yi wa Dolu wanka ta shafe ta da hoda, ta naɗe ta a hankici tana jiran riga. Sai ga Zinhuwe ta shigo. Mata suka ɗauki guɗa. Dosu ya cire hula ya rusuna.

“A ba ta hanya, jirgin ruwa ya shigo da filafilansa! Yaya, wannan hannun riga ai sai a yi wa mutum uku zane.”

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta je ta tsaya gaban uwar, ta rage tsawo ta gaishe ta, ta miƙe ta gyara mayafi. Zuciyarta na bugawa kamar ta yarinya.

“Ina rigar?” in ji Hohono, idonta a kan cinyarta.

Zinhuwe ta miƙa mata. Tsohuwa ta yi ta fama da hannu mai rawa har ta zura wa Dolu, ta gyara wuyan, ta shafa gaban. Sai yatsanta ya tsaya. Ta kai ido bakin zanen Zinhuwe da ke gabanta, ta dawo da shi kan Dolu. Ta kama bakin zanen ta kara su wuri ɗaya.

“Wannan ganye ne. Naki taurari.”

“Bai isa ba ne, Inna.”

“Ƙarya kike. Ni na sayi leshin nan.”

Wata maƙwabciya ta dafe baki. Zinhuwe ta ji kunyar ta juye ta koma faɗa.

“To ƙarya nake! Ni na cinye shi duka. Tun ina yarinya ragowarta nake sawa, ragowar ruwanta nake wanka da shi. Yau ɗaya ita ma ta ɗanɗana ragowa, me zai faru? Ni ce nake kawo miki kifi, ni ce nake matsa miki ƙafa. Ita me ta taɓa yi miki?”

“Rufe bakinki, tana ji!” Muryar Hohono ta tsage. “Ragowar wata ƙatuwar banza kika sa mata, ranar biki, gaban jama'a? Dosu, almakashi!”

Dosu, wanda dariya ta riga ta gudu daga fuskarsa, ya ruga ɗaki ya kawo. Tsohuwa ta dafa shi ta miƙe, ta cakumi gaban rigar Zinhuwe, daidai da'irar taurarin, ta fara yanka. Hannun na rawa, bakin almakashin na taɓa fata, yankan na tafiya a karkace. Zinhuwe ba ta motsa ba. Tana ji ana ɓarka aikin da ta fi so a rayuwarta, hawaye na zuba, ba ta ko share ba.

Hohono ta fizge rigar ganyen ta jefar, ta naɗe Dolu cikin guntun da ta yanko, ta ɗaure da zare. Ta riƙe ta kusa da baki.

“Ga shi, kin gani? Iri ɗaya ne, daga ƙirjinta na ciro miki. Ba ta fi ki ba. Wauta ce irin ta yara, ki yi haƙuri. Kar ki kira ta, Dolu. Kin ji? Kar ki kira min ita.”

Maganar nan ta shiga Zinhuwe har ƙashi. Gwaggonni sun sha faɗa, amma ba ta taɓa ji daga bakin uwar ba, kuma ba ta taɓa ganin tsoro irin wannan a fuskarta ba. Haushin ya fara narkewa. Ta ce, “Inna,” a hankali.

Hohono ta ɗago. Ta dube ta tun daga ɗankwali har ƙafa, ba gaggawa, ta dawo kan fuskar ta tsaya. Ta miƙa hannu ta shafa kumatunta, ta bi goshin da yatsa, ta taɓa furfurar da ta leƙo a gefen kunne. Daɗi ya cika Zinhuwe har tana jin jiri. Idon tsohuwa ya kawo ruwa, ta yi murmushi.

“Ashe haka kamanninta suke yanzu,” in ji ta. “Ashe Doluna ta zama babbar mace.”

Ta soke Dolu a ɗaurin zane, ta ce Dosu ya riƙe mata hannu kada su makara. Zinhuwe ta ja mayafi ta rufe ramin da ke ƙirjinta, ta ɗauki tukunyar wake ta bi su a baya.