Motar Baba a Hanyar Teku

Ina ƙarama mahaifina ya yi mini alkawarin zai kai ni in ga teku. Direban kamiyo ne, babbar mota mai dogon baya, yana ɗaukar kaya daga Tasawa ya bi ta Maradi da Dosso da Gaya har Kwatano, ya juyo da wani kayan. A ƙauyenmu da ke kusa da Kanan-Bakashe ba a cika ganinsa ba. Idan ya zo, warin man gazuwal ne yake riga shi shigowa gida. Sai ya ɗaga ni sama ya ce, "Uwata, tahiya mai zuwa da ke za a yi." Uwata yake ce mini saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, bakinsa ba ya iya faɗinsa. Ni kuwa sai in ƙulle ƴan kayana a ɗankwali in tura ƙarƙashin gado. Da safe in tashi in tarar ya tafi.

Ruwa mafi girma da na sani a lokacin shi ne tabkin bayan gari da damina. Baba ya ce teku ba a hango ƙarshensa, kuma ruwansa yana tafiya yana dawowa shi kaɗai, ko babu iska. Wannan maganar ce ta zauna mini. Ina kiwon awaki ina kallon gonakin hatsi, sai in ga kamar su ne suke tafiya suna dawowa, har akuya ta shiga gonar mutane ban sani ba.

Na girma, na yi lekol, wato boko, na zama malama a Mayahi, na yi aure na haihu. Ban taɓa tuna masa da maganar ba, amma ban manta ba. Gaskiya ina jin haushinta, irin haushin yarinta da ya ƙi girma tare da mai shi.

Sai ciwo ya kama Baba, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Mutumin da bai san zama wuri ɗaya ba ya koma kan kujera a ɗaki yana kallon ƙofa. Ya rage magana, ya rage ci. Ƙanena da ke aiki a Aljeriya ne ya aiko da wata na'urar wasa ta zamani, irin wadda ake haɗawa da tele, ya kira ni ya ce, "Yaya, akwai wasan tuƙin kamiyo ciki, ki gwada mishi." Inna, mahaifiyarmu, ta dubi kwalin ta taɓe baki ta ce, "Tsoho da jikoki za a kawo ma wasan yara? Da kuɗin magani ya aiko." Ni ma ra'ayina ke nan, amma hutun damina ya zo, ina gida, ba ni da abin yi bayan azahar.

Muna da faifan hasken rana a kan rufi da batir ɗaya, suna iya riƙe tele na ɗan lokaci idan rana ta yi kyau. Na haɗa komai. Abin riƙewar, wanda yara ke kira manet, hannu biyu yake so, Baba kuma ɗaya ya rage masa. Sai muka raba aiki. Na ɗora manet a kan gwiwarsa, shi yana juya sitiyari da babban yatsansa na dama, ni ina danna totur da birki idan ya ce. Rubutun da ke fitowa na Faransanci ne, ni ke karanta masa. A ranar farko ya ce mini, "Ashe karen mota na samu." Rabon da in ji ya yi wasa da wani tun kafin ciwon.

Ƙasar da ke cikin wasan ban san ko ta ina ce ba. Kore ce shar, ga itatuwa dogaye, ga gidaje masu jan rufi, ruwan sama yana sauka a gilashi ba ƙura ba laka. Hanya sumul, babu rami, babu jaki. Baba bai yarda da ita ba. Duk garin da muka tunkara sai ya ce in rage gudu, wai jandarma na nan gaba. Ba mu taɓa ganin jandarma ba, amma bai daina ba. Idan aka kira la'asar, ba ya yarda in danna abin tsayar da wasa. Sai ya nemi fili a gefen hanya, ya gyara wa motar tsayuwa, ya ce in kashe inji, sannan a kawo masa ruwan alwala. Ya san wasa ne sarai, hankalinsa garau yake. Hannunsa ne bai san wata hanyar tuƙi ba.

Wata rana ina karanta masa kayan da ake neman mai ɗauka da garuruwan da za a kai su, sai taswira ta fito. A can ƙarshenta akwai shuɗi mai faɗi.

"Wanga shuɗin, ruwa ne?" ya tambaye ni.

"Teku ne, Baba. Akwai katako da za a kai garin da ke bakinsa."

Ya ƙura wa shuɗin ido. Ni kuwa na tuna ƙullin ɗankwalina a ƙarƙashin gado.

"Shi za mu ɗauka," ya ce.

Babu wanda ya ambaci alkawari a cikinmu. Yaro mai hannu biyu zai iya gama wannan tafiyar a zama ɗaya, amma yatsan Baba yana saurin gajiya, batir ɗin ma haka, ga shi ba ya gudu. Kullum sai mu ɗan taɓa kaɗan mu tsaya. Waɗannan ranakun ba na jin zan sake samun irinsu. A waje mata suna daka, hadari yana haɗuwa ta gabas, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana shigowa ta taga. A ciki kuma muna ratsa wani daji mai hazo, kafaɗata tana jingine da tasa. Wani lokaci sai in rasa a wace ƙasar ake ruwan. Yana ba ni labarin gadar Gaya da masu sayar da doya a hanya, ina danna totur, ina ji a raina cewa ga ni a gaban mota kusa da Baba, inda na daɗe ina son zama.

Abin da ban fahimta da wuri ba shi ne, wasan ba namu ba ne. Babu faifai, babu kaset. Da sunan ƙanena aka saye shi ta intanet, don haka na'urar tana ta tambayar wasu mutane a wata duniya ko an yarda mu taɓa shi. Da rezon salulata, wato layin sadarwa, take wannan tambayar. Idan rezo ya yi rauni, sai wani ɗan zobe ya fito yana juyawa a kusurwar tele. Idan ya ɗauke, an rufe ke nan.

Muna tsakiyar hawa wani tudu, da tirela cike da katako, aka yi tsawa mai ƙarfi a yamma da gari. Zoben ya fito, ya juya, ya juya, sai hanya ta ɓace. Rubutu ya maye gurbinta, wai a duba haɗi a sake gwadawa. Washegari muka ji cewa dogon ƙarfen da ke ba yankinmu rezo ne ya samu matsala, kuma ba wanda ya san ranar gyara.

"A tsakiyar hanya munka bar ta," in ji Baba. "Bisa tudu, kuma ba mu sa ganye ba."

Duk wanda ya bi hanyoyinmu ya san idan mota ta lalace, direba yana karya rassa ya jera a bayanta don mai zuwa ya gani ya kauce. Na ce masa babu mai zuwa, na'urar a kashe take. Ya ce ya sani. Da na shigo ɗakin da hantsi sai na tarar da reshen dogon yaro a ƙasa, daidai gaban tele. Inna tana shara tana kewaye shi.

"Shi ya sa ni," ta ce. "Shekara da shekaru ina jiran mota ta kawo mini shi, yanzu kuma ni ce mai sa mata ganye."

Na yi dariya, amma raina a ɓace yake. Ga na'ura lafiya lau, ga tele, ga rana tana cika batir, ga direba a zaune, amma sai an nemi izini daga inda ba a san da mu ba. Na tuna wata tsohuwar na'ura da ƙanena ke bugawa a Tasawa muna yara. Kaset ake cusa mata. In ta ƙi, a zare a hura a mayar, ta kama. Ba ta tambayar kowa komai. Wannan kuwa mai tsada, mai sheƙi, ta zauna a ɗakin mahaifina tana yi mana mulki. Waɗanda suka ƙera ta, ina jin ba su taɓa zama garin da ake hawa tudu don a amsa waya ba. Na zage ta a fili, Inna ta ce in bar zagin abin da ba ya ji.

Baba ya koma kallon ƙofa. Hatsi ya fara fitar da kai, hutuna yana ƙarewa, kuma ina lura da hannunsa na dama, yadda cokali ya soma yi masa nauyi. Tsoro ya kama ni cewa ba za mu isa ba.

Da rezo ya ɗan dawo, sanda ɗaya ce a fuskar salula, ita ma sai a saman rumbu. Na ɗaura salula a gora na kafa a can. Na'urar ta kama, na yi hamdala, sai ta ce ba za ta buɗe wasan ba sai ta sabunta kanta tukuna. Abin da take so ta sauke ya fi ƙarfin sanda ɗaya nesa ba kusa ba. Na naɗe ta a zani, na hau kabu-kabu ranar kasuwar Mayahi, na rungume ta muna kutsawa cikin yashi da kududdufai. A ɗakina na Mayahi na wuni ina kallon wani siririn layi yana rarrafe a tele. Ya kai rabi ya koma farko. Na yi kuka a ranar, ba na ɓoyewa, kukan haushi. Sai da na kwana biyu a can kafin ta ƙoshi.

Na dawo gida na sake kafa gora a saman rumbu. Bayan azahar na kunna. Hanya ta fito, ga motarmu a kan tudu inda muka bar ta, katako bai taɓu ba. Inna ta sunkuya ta ɗauke reshen, wanda ya riga ya bushe. Na ɗora manet a gwiwar Baba. Ya sa yatsa, na danna totur, motar ta karkace ta nufi ƙarfen gefen hanya. Ya sake gwadawa, yatsan ya zame. Ya daɗe yana kallon hannunsa. Sannan ya turo mini manet ɗin da bayan hannu.

"Ke ja, Uwata. Yau ni ne karen mota."

Ban taɓa riƙe sitiyarin ba. Na ja a hankali, yana gaya mini. "Buɗe kwana, bayanki dogo ne. Rage, akwai gari gaba." Muka gangara tudun, muka bi wata hanya mai itatuwa a jere, rana tana ratsa ganye tana faɗowa a gilashi. Muryarsa ta yi ta raguwa. Inna ta gaya mini kwanakin nan ba ya samun barci. Da na waiga, kansa ya jingina da bango, bakinsa a ɗan buɗe, yana numfashi a natse.

Ban tsaya ba. Na sha wata kwana, itatuwan suka ƙare, sai ga shi.

Ya cika gilashin motar daga wannan gefe zuwa wancan. Shuɗi ne a nesa, kusa kuma kore-kore, da farin kumfa a baki. Babu ƙarshe, sama ce kawai ta sauko ta same shi. Ruwan yana zuwa ya kwanta a kan yashi, ya ja da baya, ya sake zuwa. Na nemi fili a gefen hanya, na gyara tsayuwa yadda yake yi, na kashe inji. Da injin ya yi shiru sai na ji ƙararsa, wani dogon numfashi da ba ya yankewa. Na san zane ne, na san wasu ne suka ƙera shi, amma ƙamshin da ke hancina na ruwan da ya sauka a gonar bayan gidanmu ne, sai duk abin ya haɗu ya zama gaske.

"Baba," na kira shi a hankali. Bai motsa ba. Na ɗaga hannu zan taɓa shi, na fasa. Marar lafiyar da barci ya samu da ƙyar, ban iya tashinsa ba. Na zauna ina kallon teku da ido ɗaya, ɗayan yana kan kusurwar tele, ina roƙon Allah ya riƙe mana sandar nan. Iska ta taso a waje, na ji gorar tana kaɗawa a saman rumbu. Zoben ya fito. Ya juya, ya juya, teku ya ɓace, rubutun ya dawo.

Kiran la'asar ne ya tashe shi. Ya dubi tele, ya dube ni.

"Mun iso?"

"Mun iso, Baba. Amma rezo ya ɗauke, ba ka gani ba. Ka bari in gyara gorar."

"Ni na sha ganinshi," ya ce. "Ke kin gan shi?"

"Na gan shi."

"Shina tahiya shina dawowa?"

"Shina tahiya shina dawowa."

Ya gyaɗa kai. Inna ta shigo da buta, ta ga rubutu a tele, ta tambaya ko ta karyo wani reshen. Baba ya ce ta bari, motar a gefen hanya take, an tsayar da ita daidai. Ya miƙa hannu tana zuba masa ruwa, sai ya ce mata, ba tare da ya dube ni ba, "Na kai ta."