Injiniyan Allon Makafi Zai Huta

Kullum da safe, kafin mai shara ta gama da baranda, Injiniya ya riga ya shige ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin matakalar ofishin ƙungiyar makafi. Ɗaki ne da in ka miƙe hannuwa sai ka taɓa bango da bango. Zai rataye hula a ƙusa, ya ɗora tafin hannu a bayan tsohuwar kwamfuta ya ji ko ta yi zafi, kamar mai duba goshin yaro, sannan ya zauna ya ga yadda allo ya kwana.

Allon nan dandalin saƙonni ne da ya kafa wa 'yan ƙungiya a kan Linux, tsarin kwamfutar nan na kyauta da kowa ke iya buɗe cikinsa ya gyara. Babu hoto, babu kwalliya, rubutu ne zalla, shi ya sa wayar makaho ke karanta masa shi tsaf. A nan mai saƙar kujeru ke samun ciniki, ɗalibi ke cigiyar mai karanta masa littafi, ake jin wa ya haihu, wa ke kwance a asibiti. Da yawansu sun ɗauka allon da kansa yake tafiya. 'Yarsa ce ta san gaskiya, ita da ke cewa, “Baba, kwamfutar nan ta fi mu gata a wurinka.”

Sai hannunsa ya fara rawa, likita ya ce lokacin hutu ya yi. Ciwon bai dame shi ba kamar yadda wani abu ya dame shi: duk yadda aka saita allon a kansa yake. Ranar da kwamfutar ta mutu ba ya nan, allon ya tafi ke nan, mutanen su koma shiru.

Ya duƙufa ya rubuta bayani, tun daga ɗora tsarin a sabuwar na'ura har zuwa yi wa sabon memba rajista da adana kwafin saƙonni. Ya ƙawata shi da hotuna da jajayen kibiyoyi, ya miƙa wa Sakatariyar ƙungiya, wadda za ta gaje shi, yana jin ya yi aiki. Ita kuwa tun tana ƙarama ba ta gani. Ta sa kwamfutarta ta karanta mata. Can sai ta cire abin sauraron da ke kunnenta.

“Injiniya, an ce in danna inda jar kibiya ta nuna. Ita kibiyar yaushe za ta yi magana?”

Kunya ta rufe shi. Shekara da shekaru yana yi wa makafi hidima, ya tashi ya rubuta musu bayanin masu ido! Da wani ne sai ya ce, “Kawo in yi miki.” Shi ya goge, ya sake daga farko da wannan hannun mai rawa, ya mayar da kowane hoto magana. Ya kuma kafa wa kansa doka: duk abin da sai ya faɗa da baki, to bayanin bai cika ba.

Ranar gwaji aka ajiye wa Sakatariya kwamfutar da babu komai a cikinta, don ta kafa allon da bayanin kaɗai. Ya zauna a bayanta, ya cusa hannuwa ƙarƙashin cinyoyinsa. Mai gadi na bakin ƙofa, shi ya ba mu labari. Ta yi nisa, sai ta zo inda allon zai ajiye saƙonni, na'ura ta ce babu izini.

“Ta ƙi fa. Injiniya, kana nan kuwa?”

“Ina nan, Hajiya. Amma ki ɗauka ba na nan.”

Amsar tana bakinsa, layi ɗaya tak da ya manta bai rubuta ba. Bai faɗa ba. Ya tashi ya je tasa kwamfutar, ya ƙara layin a cikin bayanin, ya dawo ya zauna. Ta sake saurara, ta buga. Sai muryar na'ura ta karanta: barka da zuwa.

Ta juyo tana murmushi. “To, Injiniya, yanzu kam kana iya tafiya gida.”

Ya yi dariya, amma mai gadi ya ce ya ga ya share ido. Ya ji daɗi ƙwarai, ya kuma ji ciwo, domin babu mai son a nuna masa ana iya yi ba da shi ba.

Injiniya, kai ne ka nemi wannan ranar da kanka, ka sha wahala kafin ta zo. Kai ne ka fi son allon ya rayu a kan a riƙa cewa sai da kai. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ba hannun nan sauƙi.

Ku kuma masu riƙe aikin jama'a a ka, ku sauke shi a rubuce tun kuna da ƙarfi. Ku zaunar da magaji, ku zauna a bayansa, ku kame baki. Akwai zafi, Injiniya ma ya ji, amma ya yi shirun.