Ƙullin da ke Bayan Baka

Daidai ake ce masa a layin, saboda shi a duniya ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. Kafinta ne. Ko gaisuwa ya je, in bencin da aka ba shi yana ɗingishi, sai ka ga ya sunkuya yana neman ɗan itacen da zai cusa. Shagonsa ɗan tsut, manne da na mai faci, ƙasa duk garin katako, zarto da magagari kowanne da ƙusarsa a bango.

To, sai hannun dama ya fara rawa. Da fari kaɗan-kaɗan, in ya ɗauki kofi. Daga baya ƙusa ma sai ya kai mata bugu ya samu yatsa. Likita ya ce abin ba ya warkewa, gaba yake yi. Masu kawo aiki suka ɗauke ƙafa, ba faɗa, ba komai.

'Yarsa ta fari ce ta sayo masa babbar waya, wai ya rage tagumi. A nan ya ci karo da wani yana sassaƙa baka, irin na harba kibiya, daga itace guda, ba ƙusa, ba gam. Ya kalla, ya sake kalla. Ya ce, "Ke, wannan ai kankara ce a hankali, ba bugu. Hannuna zai iya." Ta sa shi cikin wani zaure na masu yin baka a wayar, mutanen ƙasashe daban-daban. Ba ya jin yarensu, amma abin bai cika son yare ba: ka tanƙwara itacen, ka ɗauki hoto, ka tura, su zagaye maka inda za ka kankare. Akwai wani da bai taɓa ƙin amsa masa ba, kullum da jan layi, har Daidai ya raɗa masa Jan Biro. In ya yi rubutu, sai 'yar ta zo da yamma ta karanta masa.

Itacen kuwa, bishiyar tsakar gidan mahaifinsa ce, wadda aka sare lokacin da hanya ta ci gidan. Ya tsattsaga gungumen ya jingina a bayan shago shekara da shekaru, bai san me zai yi da shi ba. Jan Biro na ganin hoton ya ce ai irin wannan busasshen ake nema.

Sanda ta farko ta karye don gaggawa. Ta biyu ya kankare ta har ta koma bulala. Mai faci ya leƙo ya ce, "Daidai, wai yaƙi za a yi ba a gaya mana ba? In nama kake nema, ga ɓeraye nan bayan tayoyina."

"Kai dai je ka hura iskarka," in ji Daidai.

Saura sanda ɗaya, daga ita bishiyar ta ƙare. Mai kyau ce, sai dai a bayanta akwai wani ƙulli, ɗan tudu kamar gaɓar yatsa. Jan Biro ya zagaye shi, ya ƙara zagayewa, ya yi dogon rubutu. 'Yar ta ce, "Baba, ya ce cikin baka ake kankarewa, bayan ba a taɓa shi. Jijiyoyin itacen ta kan ƙullin nan suka bi, in ka yanke su, nan zai ɓalle. Ka ji ko?"

"Na ji. Amma dubi muninsa."

"Baba, ba teburin ofis ba ne."

Ya bar shi. Wata da watanni yana bin cikin sandar da wuƙa. In hannun ya lafa ya ɗan kankara, in ya tashi ya ajiye. Baka ya fara lanƙwasa gwanin kyau, mutanen zauren suna ta turo masa hoton tafi. Matarsa ta ce rabon da ta ji shi yana waƙa tun kafin ciwon. Amma kullum babban yatsansa sai ya bi ta kan ƙullin nan ya tsaya.

Wata safiya ya tashi hannun ya kwanta, kamar na da. Daɗi ya kama shi. Ya ɗauki sanfefa yana share bakan yana waƙa, har ya zo kan tudun. Bai yi shawara da kowa ba, ko da kansa. Hannun da ya tsufa yana daidaita katako shi ya miƙa ya ɗauko magagari. Kafin ya farga, wurin ya yi sumul.

Ya daɗe yana kallo. Bai tura hoto ba.

Da yamma ya ɗaura tsirkiya, 'yar na riƙe da waya, mai faci ya bar tayarsa ya zo. Ya ja kaɗan. Ya ƙara. Sai ƙas! A wurin nan dai. Rabin ya daki kwanon rufi ya faɗo.

Mai faci, da bakinsa bai taɓa rasa magana ba, ya ɗauko ɓarin ya ajiye masa a kan benci, ya koma shagonsa.

Da suka tura hoton ɓarin, Jan Biro ya amsa. 'Yar ta karanta ƙasa-ƙasa: "Ya ce kowa da haka ya koya. Ka samo ɗanyen itace, ka tsaga, ka bar shi ya bushe kamar shekara biyu. Suna nan suna jiranka."

Daidai ya dubi hannunsa yana ta kaɗawa a kan cinya. Ya ce, "Ce masa na gode."

Ba a jima ba ya mayar wa wanda ya ba shi hayar shagon makullinsa. Yanzu a ƙofar ɗaki yake wuni. Har yau yana kallon masu bakan, sai dai a jingina masa wayar da bango, don in ya riƙe, hoton rawa yake. Ɓarin bakan na ƙarƙashin gado. Matar ta taɓa tambaya ko ta sa a murhu, ya ce bari tukuna. In ya jawo shi, yatsansa kan tafi wurin da ya goge, ya yi ta shafawa.