Sunan da Kakata Ba Ta Iya Kamawa

Shekarun baya, ba a daɗe da yanke mana jihar Kebbi ba, ina sakandare a Maiyama, malaminmu na tarihi ya ce kowa ya rubuto wani abu kan tarihin yankinmu. Sharaɗinsa ɗaya ne: "Duk maganar da kuka rubuta, ku sa wanda ya faɗa, da inda ya faɗa, da ranar. In shi ma ji ya yi, ku sa sunan wanda ya gaya masa. Wanda ya kawo mini 'an ce', sifiri zai ci."

Ni da tun ina yaro ba na shiri da wahala, sai na faɗa ɗakin kakata. Ta ba ni labarin fatake, yadda suke sauke jakunansu a bakin gari su huta kafin su shiga kasuwar Jega. Na rubuta, na sa sunanta a ƙasa, na karanta mata ina jiran yabo.

"Goge, mijin banza," ta ce. "Ni ina na ga fatake? Ji na yi. Kar ka ɗora min kayan da ba nawa ba."

"To wa ya gaya miki?"

"Uban mijina na fari, can Giwa Tazo."

"Mi ne ne sunansa?"

Ta dube ni kamar na zage ta. Mace ta kama sunan surukinta? Ga shi mijin nan ya rasu tun kafin ta auri kakana, duk gidanmu ba wanda ya san sunan tsohon.

Na ce, "To mu bar naki kawai, malam bai sani ba."

"Ni na sani," ta ce, ta juya ta ci gaba da tsince wakenta.

Washegari da safe na iske ta ta yafa mayafi, ta sa an kira ɗan kabu-kabu. Tsohuwar da ba ta taɓa hawa babur ba, ga ciwon gwiwa. Aka sa ta tsakiya, ni a baya, tana salati a kowane rami, tana ce wa mai babur, "Ɗana, ba biki za mu ba."

A Giwa Tazo ta kai ni gidan wani dattijo, jikan tsohon. "Jika shi ke da bakin kiran kakansa," ta ce. "Tambaye shi." Ta fita zaure ta tsaya nesa. Dattijon ya yi dariya, ya faɗi sunan, ya ƙara da cewa kakan nasa da kansa ya yi fatauci.

Na rubuta a ƙasan aikin: daga bakin kakata, a Maiyama, rana kaza, ita daga surukinta wane, bafatake, sunansa daga jikansa, a Giwa Tazo. Malam ya karanta layin nan gaban aji, ya ba ni makina cikakke.

Tun daga nan na yi yawo, na zauna da gwanayen hira a tashoshi da masaukai, ni ma ba baya ba ne wajen zuba. Amma in na fara cewa "an ce", sai na ji harshena ya yi nauyi.

Ranar da aka maido min da takardar, na zauna ina karanta wa kakata. Da na kawo kan sunan surukinta sai na ɗago kai na dube ta.

"Tsallake," ta ce. "Amma shina nan ko?"

"Yana nan, Kaka."

"To ci gaba."