Shekarar da Na Zama Idon Baba

Ranar wata Asabar ce da hantsi, sati biyu bayan shukar fari, a shekarar da nake aji huɗu na firamare. Ina tsugune a gindin darbejiyar tsakar gidanmu ina wanke kwanuka, Baba yana kan tabarma yana ɗinkin komar kamun kifi, sai allurar katakon da yake aiki da ita ta kuɓuce masa ta faɗi kusa da ƙafarsa. Ga ta nan ina kallonta, fara sol a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Shi kuwa sai ya shiga lalube da tafin hannu, ya shafa nan ya shafa can, har hannunsa ya wuce ta gefenta sau biyu. Na tashi na ɗauko na miƙa masa. Ya karɓa ya ci gaba da ɗinki. Da na ɗaga kai na dubi fuskarsa, sai na ga wani fari-fari kwance a tsakiyar idanunsa kamar an ɗiga nono. Inna tana bakin murhu, ita ma ta ga abin da ya faru, ta mayar da kanta ga hura wuta.

Ƙauyenmu yana bakin dam, a tsakanin duwatsu, ba nisa da Kazaure. Baba masunci ne, ba shi da wata sana'a sai 'yar gonar gero da ba ta kai mu ƙarshen shekara. Inna ke yin banda da suya, ranar kasuwa ta kai. Ni ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Bayana akwai Sani, ɗan shekara huɗu, a lokacin kuma Inna tana da ciki. Aikina tun ina ƙarama shi ne kankare ɓawon karfasa, feɗe ciki, da samo itacen banda a gefen dutse. Duk sabulun da zan yi wanka da shi ƙarnin kifi ba ya barin hannuna, a makaranta yara ba sa son zama benci ɗaya da ni. Amma idan aka fito tara aka ja layin 'yar gala-gala, ko aka kafa gaɗa a dandali bayan la'asar, ba wadda ke tuna ƙarni, don na fi kowa tsalle.

Saurayin da ke tuƙa wa Baba kwalekwale ya tafi Kano acaɓa tun da rani. Idan kuma Sarkin Ruwa ya ji cewa yanar ido ta fara kama Baba, hana shi shiga ruwa zai yi, kuma da gaskiyarsa. Kwana uku bayan faɗuwar allurar, Baba ya kira ni gaban Inna ya ce daga yau idan na taso makaranta zan riƙa raka shi. Ya ce duk wanda ya tambaye ni, in ce kwarfar ruwa nake masa saboda kwalekwalen yana yoyo. Inna ta ce mutane za su yi magana, ɗiya mace a cikin jirgi. Ya ce su yi. Sun kuwa yi, har matar liman ta tako gidanmu a kan haka, Inna ta ba ta haƙuri ta raka ta zaure, washegari na sake shiga jirgi.

Nan na gane cewa Baba ya san ruwan nan fiye da yadda na san ɗakinmu. Da fatar jikinsa yake gane iska. Idan ta taso daga kudu maso yamma a hankali, sai ya ce mu nufi gaɓar da take bugawa, don can take tura ƙwari da ɗanyen haki, ƙananan kifi su bi, manya su biyo su. Idan aka yi ruwa rafi ya kawo jan ruwa, sai mu je bakin mashigar mu shimfiɗa mamari, wato doguwar igiya mai jerin ƙugiyoyi, mu sa tana ko gutsuren farin sabulu, don tarwaɗa tana son sabon ruwa. Karfasa kuwa a cikin ciyawar gefe take, sai an lallaɓa ba a bari filafilin tuƙi ya bugi katako ba. Abin da ya rage ba ya iya gani shi ne abin da ke nesa: jarkokin da muke sa wa alama, kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka yi dam ɗin, da kuma sararin sama. Waɗannan su ne nawa. Yakan ce mini, "Gabas za ki riƙa duba, Uwata. Kome kika gani a bayan dutsen can, ki faɗa mini tun yana ƙarami." Ya kuma koya mini cewa idan iska ta same mu a tsakiya, hancin jirgi ake juya wa igiyar ruwa, ba a taɓa ba ta gefe, kuma ba a miƙewa tsaye ko me ya faru.

Kwalekwalen ya girme ni. Na katako ne, an yi masa faci da gwangwani a wurare da yawa, kuma akwai wata mahaɗa can wajen baya da ba ta daina tsiyaya. Duk Juma'a da safe kafin makaranta muke jawo shi tudu mu kife. Baba ya bi mahaɗar da yatsa har ya ji inda ta buɗe, ni in yayyaga tsumma in cusa da bakin tsohuwar wuƙa, sa'an nan mu narka kwalta a gwangwanin tumatir mu zuba. Har yau akwai tabon kwalta a bayan hannuna na hagu. Liƙin yakan riƙe kwana huɗu ko biyar. Daga nan sai in koma kwarfa da rabin jarkar da aka yanke, ƙafafuna cikin ruwa har su yi fari su tattare.

Da marka ta kankama rumbunmu ya ƙare, gero kuma bai nuna ba. Ruwa ya cika ya bazu cikin ciyawa, kifi ya watse. Muka yi kusan sati uku muna dawowa da abin da bai wuce a jefa a miya ba. Inna ta daina hura wutar banda. Sau ɗaya ake ɗora tukunya a wuni, sauran lokaci sai tafasa da ɗan ƙuli. Ina ganin Inna tana tura wa Sani nata rabon tana cewa ta ƙoshi, ga ƙafafunta sun kumbura har ba ta iya sa takalmi.

Ranar da abin ya faru Laraba ce. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, rafi ya kawo sosai, da asuba Baba ya sa wani maƙwabci ya raka shi suka shimfiɗa mamari a can mashigar, wadda take ƙetaren dam daga ƙauyenmu. Bayan azahar muka je ɗauka. Tun ƙugiya ta uku na san ranar daban take. Tarwaɗa ce manya-manya, baƙaƙe sumul, kusan ƙugiya bayan ƙugiya. Baba yana ja yana cirewa yana ambaton Allah, suna ta birgima a ƙafafuna, na ji yana dariya, abin da na daɗe ban ji ba. Mun ɗauke kamar rabin igiyar na ɗaga kai na dubi gabas. Hadari ya riga ya leƙo ta bayan dutsen, baƙi ƙirin, ƙasansa ja-ja. Na san ko mene ne. Na dubi kifin, na dubi sauran igiyar da ke cikin ruwa tana motsi, na tuna ƙafafun Inna.

Baba ya tsaya da ja, ya ce, "Me ke gabas?"

Na ce, "Ɗan gajimare ne, Baba. Yana nesa."

Ya ci gaba da ja.

Ba mu ƙara ƙugiya ashirin ba iskar da ke kaɗawa ta ɗauke ɗif. Ruwan ya kwanta kamar an shafe shi. Sai wani sanyi ya bugo mu ta baya. Baba ya zaro wuƙa ya yanke igiyar, ya ce in zauna ƙasa in riƙe jarkar kwarfa. Kafin ya gama juya jirgin iskar ta iso. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Ruwan ya tashi, ya yi duhu, igiyar ruwa tana ɗaga mu tana makawa. Ni ke gaya masa dama ko hagu don ya daidaita hancin jirgin, ina ihu da iyakar muryata, shi kuma yana tuƙi a durƙushe. A bugu na huɗu ko na biyar mahaɗar baya ta buɗe, na ga ruwa yana tsartuwa ta cikinta. Baba ya cire hularsa ya ce in cusa, na cusa na danne da diddige ina kwarfa da hannu biyu. Ruwan yana ta hawa duk da haka. Sai ya ce in zubar da kifin. Na yi kamar ban ji ba, ya daka mini tsawa, wadda bai taɓa yi mini ba. Da hannuna na riƙa ɗaukar tarwaɗar nan ɗaya bayan ɗaya ina mayarwa cikin dam, ƙayarta tana sokata, ina kuka.

Da ruwan sama ya sauko, ni ma na daina gani. Ban ga kututturen ba sai da muka hau shi. Katako ya tsage, ruwa ya shigo gaba ɗaya, jirgin ya nutse ƙarƙashinmu a hankali. Baba ya damƙi rigata ta baya. Allah ya sa kututturen na wata tsohuwar bishiya ce da ragowar reshenta ya fito sama da ruwa. Ya lalubo shi, ya ɗaga ni ya ɗora a kai, amma reshen ba zai ɗauki mutum biyu ba. Shi ya zauna cikin ruwa har wuya, hannu ɗaya a jikin itacen, ɗaya a ƙuguna, igiyar ruwa tana rufe kansa tana buɗewa. Ya ce in riƙa karanta duk surar da na iya da ƙarfi don ya san ina nan. Na karanta har muryata ta dushe. Haka muka kasance tun kafin la'asar har rana ta kusa faɗuwa, lokacin da iska ta lafa wasu masunta biyu suka fito nemanmu suka ji muryata.

A bakin gaɓa kowa ya ga yadda Baba yake laluben hannun da aka miƙa masa, asiri ya tonu. Washegari Sarkin Ruwa ya zo gidanmu da mutane, Baba yana kwance zazzaɓi ya rufe shi. Ina bayan ƙofa ina ji. Sarkin Ruwa ya yi faɗa sosai a kan ɓoye lalurar ido, sa'an nan ya tambaya yadda aka yi hadari ya ritsa da mutum kamarsa, ko yarinyar ba ta gani ba ne. Baba ya ce, "Ta gani, ranka ya daɗe, ta kuma faɗa mini. Ni ne kwaɗayin kifi ya hana ni tashi." Na jingina da bango ina jira bakina ya buɗe, bai buɗe ba.

Sanyi ya shiga ƙirjinsa. An kai shi asibiti a Kazaure, ya sha magani, zazzaɓin ya sauka, amma tarin bai tafi ba. Ba jirgi, ba mamari, ba izinin shiga ruwa. Inna ta haihu a tsakiyar wannan hali, jaririyar ta kwana tara ta koma. Da aka yi girbi Baba ya koma zama a zaure yana ɗinke wa wasu masunta komarsu da lalube, a ba shi ɗan kifi ko kwanon gero. Wata rana bayan na kai masa ruwan alwala na durƙusa gabansa na ce, Baba, ranar nan hadarin ba nesa yake ba. Bai bari na ƙarasa ba. Ya ce in kama masa bakin komar nan in ja, ya karkace. Na kama na ja. Muka yi ta aiki har aka kira sallah. Ya rasu da bazara, kafin ruwan farko, yana tari har numfashi ya ƙare.

Kawuna, yayan Inna, ya kwashe mu zuwa wajen Roni, shi ya tsaya na ci gaba da karatu har na zama malamar makaranta. Sai da na haifi 'ya'ya uku kafin na iya gaya wa Inna abin da na gani a gabas da abin da na faɗa. Tana tsintar wake a faifai, ba ta ɗago ba har na gama. Ta ce shekarata goma sha ɗaya a lokacin, ga yunwa, kuma su manya biyu ne suka zauna suka ɗora mini abin da ya fi ƙarfina. Ta ce, "Mu ya kamata mu roƙe ki gafara. Shi bai samu bakin yi ba, ni kuma ga shi ina yi." Daga nan ta ce in tashi in duba tukunya.

Yanzu a Kazaure nake zaune. Idan hanya ta bi da ni ta bakin ruwa ina ganin samari da jirage masu inji, suna ƙetare dam kafin mutum ya gama shan kofin shayi, wasunsu ma a waya suke duba ko za a yi ruwa. Yanar ido kuwa na ga tsofaffi da yawa an yi musu aiki da safe, bayan kwana biyu suna karanta Alƙur'ani da kansu. Zauren da Baba ya zauna ya rushe, tsofaffin da suka san shi saura ƙalilan. Babbar 'yata ta shiga shekara goma sha ɗaya a bana. Ina kallonta tana tsalle a layin 'yar gala-gala da ƙawayenta, ƙafafunta sirara, kallabi yana zamewa. Ashe haka ƙanƙantata take a lokacin.