Malam Sabi'u mai kati ya tafi, Inna kuma ba inda za ta

Gaisuwa ga ɗaukacin al'ummar Fesbuk, masu data da masu leƙe a wayar maƙwabta, daga ni Ministan Sahu na Gyaɗi-Gyaɗi da kewaye, wanda ba a taɓa wuce shi a titi ba sai in shi yaga dama.

Yau dai ba raha na kawo ba.

Da safen nan ina wanke adaidaitata aka bugo min, wai Malam Sabi'u likitan magana ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Soso na hannuna har ya bushe ban sani ba.

Naga tuni wasu sun fara ɗora hotonsa suna rubuta babban rashi. Ku ɗin nan. Ku da in ya wuce da jakarsa kuke cewa ga mai karta nan, yau wa za a cinye? Ina da sunayenku a kai, kuma kun san kaina ba ya zuba.

Wanda bai san shi ba, bari na faɗa masa.

Bara Innarmu ta faɗi a gaban tandarta, ɓarin jiki ya shanye, magana ta ɗauke. Matar da tun daga Daurawa ake aiko mata da kwanon waina, matar da in ta zage ka sai ka nemi kujera, ta koma kallo kawai.

Yayanmu Habu ya kai ta wani asibitin kuɗi mai sanyin AC. Wani likita mai nakatayal a wuya ya fito da katunan gwaji, wai daga Turai aka kawo su. Ni na gansu da idona. Mutumin ƙanƙara da hancin karas. Kare a cikin baho ana masa wanka. Wani tsoho mai jar hula da buhu. Yana nuna mata yana cewa Mama menene wannan? Inna ta dube shi, ta dubi karen, ta juya kai bango.

Sai yace ai ba ta fahimtar komai.

Nace ranka ya daɗe, ni da nake da lafiya, kuma duk Tarauni ba wanda ya kai ni ƙwaƙwalwa, wlh ban san wannan tsohon ba. Ashe nima a kwantar da ni.

Tun daga ranar Yaya Habu ya samu abin riƙewa. Wai likita ya faɗa, a mai da ta ƙauye a ba ta ɗaki ta huta. Hutu. Ɗakin da ake ajiye buhunan gero, ba mai shiga sai ɓera. Shi dai damuwarsa kar abokansa su zo su ga tana zubar da yawu a tsakar gida.

Malam Sabi'u fasinjana ne, ni nake kai shi asibitin koyarwa inda yake aiki. Ina ba shi labarin nan don yayi dariya, bai yi ba. Yace in kawo ta layinsa.

Da farko ko kati bai taɓa ba. Ya gaishe ta kamar yadda ake gaida uwa, har ƙasa. Yasa ta kurɓi ruwa yana kallon maƙogwaronta, yasa ta fito da harshe ta kai dama ta kai hagu. Sannan ya buɗe jakar nan da kuke wa dariya. Buta. Akuya. Tsintsiya. Tabarma. Duk shi ya bi unguwa ya ɗauka da wayarsa, ya wanke, ya lulluɓe da leda.

Bai ce menene wannan ba. Cewa yayi, “Inna, nuna min abin da ake alwala da shi.”

Hannun hagu ya tashi, ya sauka kan buta.

Ya tambayi wanda ake shara da shi, ta nuna. Ya tsokane ta, yace akuya tana yin ƙwai ko? Inna ta yi masa harara irin wadda tayi min ranar da na kifar mata da ƙullu. Malam ya juyo yace min, “Tana ciki. Duk abin da kuke faɗa a kanta tana ji. Fitowar ce ke mata wuya.”

Na fita waje nayi kamar ina duba taya.

Kuma don ku sani, adaidaitar da ke kan katin cikin jakar nan tawa ce, ni ne a ciki da gilashina. Marasa lafiya da yawa a kaina suka fara magana. Malam yace don keken ne, amma shi ma ya san gaskiya.

Cikin watannin nan Inna ta dawo da ruwa, ta dawo da a'a, ta dawo da kai dalla. Wannan na ƙarshen nawa ne, ni kaɗai take bawa.

Haɗuwarmu ta ƙarshe Juma'ar da ta wuce ce, na sauke shi bayan masallaci. Yana ta tari amma zancen Inna yake. Yace yana so ya haɗa mata katunan sana'arta, don kalmar da mutum ya shekara da shekaru yana faɗa ita ke saurin dawowa. Da ya sauka ya riƙe ƙarfen keken yace, “Minista, kar ka bari a rufe ta a ɗaki. A dinga yi mata magana, a kuma jira ta amsa.”

Nace an gama. Yace kai komai an gama ne a wajenka.

Yau ko ƙasar maƙabarta ban karkaɗe ba Yaya Habu ya kira. Ba gaisuwa, ba Allah ya jiƙansa. Wai tunda mai katin ya tafi, ya yi magana da mota, ran Asabar za a wuce da Inna ƙauye. Mutum da digiri, amma kare a baho ya fi yarda da shi a kan uwar da ta haife shi.

Da na dawo gida na durƙusa na faɗa wa Inna. Bakinta yana ta motsi. Na jira, kamar yadda ya koya min, ni da ban taɓa jiran danja ba.

Sai tace, “Sabi'u.”

Ba a kati yake ba wannan. Ba wanda ya taɓa koya mata. Kuma Yaya ba ya nan balle ya ji.

Don haka ran Asabar kafin a ɗauki ko da ɗankwalinta, zan shimfiɗa katuna a gabansa, shi da kansa zai tambaye ta, kuma zai jira.

Ga abin da nake so. Ba kuɗi ba, ku daina ɓoye waya. Duk mai tanda ta ƙasa a gidansu, ko ludayin duma, ko maburgi, ko ƙwaryar ƙullu, ko murhu mai duwatsu uku, ya ɗauka da rana, abu ɗaya a hoto ɗaya, ya turo min ta inbox kafin Alhamis in kai a wanke. Ban da fuskarku a ciki, matar ba ta da lafiya.

Allah ka jiƙan Malam Sabi'u, ka yafe masa, ka ba iyalinsa haƙuri. Yadda ya yi haƙurin jiran amsar bayinka, ka sauƙaƙa masa tasa amsar a kabari.

Ku sa shi a addu'a, har da ku masu cewa mai karta. Sannan ku tashi ku shiga kicin, ina jiran tandar.