Dutsen da Ya Reni Zabina

A daminar bara na zama uwa. Kazar da na sa wa ƙwan zabi ta ƙyanƙyashe su lafiya, sai shaho ya sure ta a bayan gidanmu na Wagini, ya bar ni da 'yan tsaki a tsakiyar marka. Ɗan zabo kuwa ko harararsa sanyi ya yi, mutuwa yake. Ga shi su ne dabbobin farko da aka taɓa cewa nawa ne.

Kakata ta ce in gasa dutse a wuta, in naɗe shi da tsumma, in sa musu a kwando. Na yi, suka kwanta luf. Amma dutse ba ya kai azahar da ɗumi, murhun Inna mahaifiyata kuma ba ya yini yana ci. Sai na ƙaro duwatsu, na raba aiki. Da safe suna gefen wutar kokon Inna. Da hantsi Goggo mai suyar ƙuli-ƙuli ta karɓa. Da yamma sai wutar maƙwabciyarmu mai dafa rogo. Na yi ta zirga-zirga da dutse a tsohon kwano har sawuna ya haƙa kwari a tsakar gida, wanda da jaki ya faɗa sai an ciro shi da igiya.

Jerin ma sai da na koya. Ranar da na tara duwatsun duka a tsakiya, tsakin suka manne a jikin kwando, baki buɗe kamar masu azumi a gona. Daga nan na ajiye babban dutse, mai daɗewa da zafi, a gefe ɗaya, ƙananan suka biyo shi, ɗaya gefen na bar shi fili don wanda ɗumi ya ishe shi.

Babban nan dai daga murhun Inna na zaro shi, na tura mata guntun bulo. Ranar da tukunyar miya ta karkace ta gane.

"Ɗan nan, ina dutsen murhuna?"

"Yana jego, Inna."

"To, in ya yaye su ka ce masa tukunya na gaishe shi."

Marka ta wuce, tsakin suka yi gashi, ban rasa ko ɗaya ba. Na mayar da dutse wurinsa. Yanzu zabin sun girma, ko kallona ba sa yi. Amma da an yi ruwa sai su kewaye murhun Inna suna ɓaɓatu, ita kuma tana kora da muciya, tana cewa in zo in kwashe 'ya'yan dutse.